Inception ko Paprika: wanne ya kamata ka fara kalla?

Duk wanda ya shiga neman fim ɗin da aka gina a kan mafarki, sunaye biyu ne za su yi ta dawo masa: Inception na Christopher Nolan, wanda ya fito a watan Yulin 2010, da Paprika na Satoshi Kon, katun ɗin Japan da ya riga shi fitowa tun 2006. Tambaya ɗaya ce ta haife su: me zai faru idan aka ƙera na'urar da za ta ba mutum damar shiga mafarkin wani? Daga nan kuma kowa ya kama gabansa. Ina son su duka biyun, so mai tsanani, amma idan dare ɗaya ne da kai da cajin waya ɗaya, zan ce ka fara da Inception. Akwai kuma mutanen da shawarar nan ba ta hau kansu ba, za mu zo kansu.

Dom Cobb, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a matsayinsa, ɓarawo ne, sai dai ba ya fasa shago. Manyan kamfanoni ne ke ɗaukarsa haya ya sa wa abokin hamayyarsu maganin barci, ya shiga mafarkinsa, ya ɗebo sirrin da ya ɓoye a zuciya. Ba ya iya komawa Amurka wurin 'ya'yansa biyu saboda ana zarginsa da hannu a mutuwar matarsa, Mal. Sai wani attajirin Japan mai suna Saito ya zo masa da tayin da ba a saba ji ba. Ba sata yake so a yi masa ba, shuka yake so a yi. A dasa wa Robert Fischer, magajin wani katafaren kamfanin makamashi, tunanin wargaza daular mahaifinsa, a kuma dasa shi ta yadda zai farka yana ganin daga zuciyarsa ya fito. Ladan aikin kiran waya ɗaya ne da zai share wa Cobb hanyar gida. Cobb ya tara mutanensa: Arthur mai tsare-tsare, Eames mai sauya kama, Yusuf mai haɗa maganin barci a Mombasa, da Ariadne, ɗalibar zanen gine-gine a Paris, wadda za ta zana musu duniyar da za su shiga.

Paprika kuma daga littafin Yasutaka Tsutsui na 1993 aka ɗauko shi, kamfanin Madhouse ya zana. A wata cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa an ƙera wata 'yar na'ura mai suna DC Mini, wadda likita zai shiga mafarkin majinyaci da ita, ya naɗe shi, ya sake kallonsa a kwamfuta. Ba a gama sa mata makulli ba aka sace ta. Dakta Atsuko Chiba mace ce mai kamewa, ba ta dariya, gashinta a ɗaure, amma idan ta shiga mafarki sai ta zama Paprika, yarinya mai jan gashi da rawar kai, wadda ke duba marasa lafiya a ɓoye ba da izinin hukuma ba. Tare da Tokita, ƙaton haziƙin da ya ƙera na'urar, da shugabansu dattijo Shima, da wani ɗan sanda mai suna Konakawa da wani mafarki ya addaba, za ta bi sawun ɓarawon kafin ya haukata gari. Domin wanda na'urar ke hannunsa yana iya cusa wa mutum mafarki ko da idonsa biyu.

Babban abin da ya raba su shi ne doka. Nolan ya kafa wa mafarkinsa dokoki, ya kuma ɓata kusan awa guda yana koya maka su. Idan aka kashe ka a mafarki sai ka farka, amma zafin rauni yana nan daram. Jin faɗowa daga sama yana tashin mai barci, shi ya sa sukan tura kujerar mutum ta baya idan suna so ya dawo. Mutanen da ke yawo a titunan mafarki daga zuciyar wanda aka jawo cikin mafarkin suka fito, da zarar sun fahimci akwai baƙo yana sauya musu gari sai su far masa. Kowane ɗan ƙungiya yana da wani ƙaramin abu da ba ya bari kowa ya taɓa, da shi yake gane ko yana cikin mafarkin wani: Arthur yana da ɗan ludo mai nauyi ta gefe ɗaya, Cobb kuma yana da 'yar katantanwar ƙarfe da ba ta daina juyawa idan a mafarki ne. Kuma an hana mai zane ya gina wuri daga abin da ya taɓa rayuwa a ciki, don kada ya kasa rarrabe jiya da mafarki. Kowace doka daga cikin waɗannan, fim ɗin zai dawo ya karɓi bashinta a gaba. Wannan ne ya sa kallo na biyu ya fi na farko daɗi.

Akwai wurin da na fi so a darasin nan. Cobb da Ariadne suna zaune a bakin wani shagon shayi a Paris, rana ta fito, mutane na wucewa, suna hirar aiki. Yana yi mata bayanin cewa mai mafarki ba ya taɓa tuna farkon mafarkinsa, a tsakiya kawai yake tsintar kansa. Sai ya tambaye ta yadda aka yi suka iso shagon. Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Ba ta sani ba. Kai ma da kake kallo ba ka sani ba, domin fim ya yanko ka ne ya ajiye ka a teburin, kuma ba ka tambaya ba, don haka fina-finai suka saba yi maka. Kofin da ke gabanta ya fara rawa, sai rumfar jaridu ta tarwatse, akwatunan kayan marmari suka tashi sama, duwatsun titi suka fashe, su biyun suna zaune a tsakiya. Da iskar gas mai ƙarfi aka harba tarkacen nan a titin Paris na gaske, saboda hukumomi ba su yarda a yi amfani da nakiya ba. Bayan ɗan lokaci Ariadne ta ɗaga kai, ta naɗe rabin birnin ta kifa shi a kan ɗaya rabin, motoci suna tafiya a sama kansu a ƙasa. A wannan 'yan mintuna Nolan ya nuna maka cewa kallon fim da yin mafarki 'yan uwan juna ne, kuma bai tsaya yi maka lacca a kai ba.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ƙashin bayan fim ɗin. A ƙa'ida minti 5 na farke awa guda ne a mafarki. Da maganin Yusuf mai ƙarfi kuwa ninkin ya ƙaru, kuma aikin Fischer yana buƙatar mafarki cikin mafarki cikin mafarki, hawa uku. Tafiyar jirgi ta awa 10 daga Sydney zuwa Los Angeles, wadda a cikinta za a yi aikin, za ta zama mako guda a hawa na farko, wata 6 a na biyu, shekara 10 a na uku. Ƙarƙashinsu kuma akwai wurin da suke kira Limbo, inda mutum zai iya tsufa ya manta cewa ya taɓa samun wata rayuwa. Maganin ya yi nauyin da idan aka kashe ka ba za ka farka ba, can za ka faɗa.

Dubi abin da Nolan ya yi da wannan lissafin. A hawa na farko, birni ne ana tsuga ruwan sama, Yusuf yana tuƙa farar bas cike da abokansa masu barci, ana bin su da harbi, har ya tura motar ta baya daga kan gada. Faɗowarta zuwa ruwa daƙiƙu ne kawai. Amma a hawa na biyu, cikin wani otal, waɗannan daƙiƙun mintuna ne, kuma tunda jikinsu yana shawagi a cikin motar, nauyi ya ɗauke a otal ɗin, Arthur yana iyo a iska yana neman dabarar da zai jefo mutane daga sama a wurin da babu sama babu ƙasa. A hawa na uku, dutse ne mai dusar ƙanƙara, suna da kusan awa guda su fasa wani sansani. Mai haɗa hoton, Lee Smith, yana ta yawo da kai tsakanin hawa huɗu, kuma duk lokacin da ka fara ruɗewa sai ya mayar da kai ga bas ɗin nan tana saukowa a hankali, ka gane saura nawa. Kamar mai gyaran agogo ne ya buɗe maka bayansa, kana ganin ƙafafun ciki manya da ƙanana kowanne da saurinsa, amma duk allura ɗaya suke turawa. Ban san wani fim mai harbe-harbe da ya ɗora wa mai kallo nauyi irin wannan ba, ya kuma amince cewa zai iya ɗauka.

Faɗan da Arthur ya yi a dogon lungun otal, inda bango ke zama ƙasa, ƙasa ta zama rufi, ba kwamfuta ce ta zana shi ba. An gina lungun ne mai tsawon kusan mita 30 a cikin wata tsohuwar rumfar jiragen sama a Cardington da ke Ingila, aka ɗora shi a kan manyan zobba, injina suna juya shi gaba ɗaya, Joseph Gordon-Levitt, wanda ya fito a matsayin Arthur, yana gudu a ciki. Jirgin ƙasan da ya ɓullo a tsakiyar titi yana ture motoci, gangar jiki ce aka ɗora a kan babbar mota aka tuƙa ta a Los Angeles. An yi ɗaukar fim ɗin a ƙasashe 6, Tanja ta Maroko ce ta tsaya a matsayin Mombasa, dusar ƙanƙarar kuma ta Alberta ce a Kanada. Dala miliyan 160 aka kashe, ya dawo da sama da miliyan 800, ya ci kyautar Oscar 4, ciki har da ta ɗaukar hoto wadda Wally Pfister ya karɓa. Kuɗin ba su ne abin burgewa ba. Abin burgewa shi ne idonka yana jin nauyin abubuwan, jiki yana bugun bango da gaske, don haka zuciyarka take yarda da abin da hankali ya san ba zai yiwu ba.

To, amma a nan ne Paprika zai miƙe ya yi magana, kuma maganarsa tana da ƙarfi. Tambayi kanka: ka taɓa yin mafarki irin na Inception? Mafarkin da kowa ke sanye da kwat, tituna a miƙe, kowane abu da dalilinsa? Mafarkin gaske ba haka yake ba. Kana gidanku na ƙuruciya, ka buɗe ƙofa sai ga ka a aji, malamin kuma ya rikiɗe ya zama wani da ya daɗe da rasuwa, kuma ba ka yi mamaki ba. Wannan shi ne abin da Kon ya iya, ban kuma ga wanda ya kama ƙafarsa ba.

Mintunan farko na Paprika sun isa shaida. Konakawa yana cikin tantin masu wasan dabo yana farautar wani mai laifi, sai ga shi a kulle cikin keji, 'yan kallo suka taso masa, kowannensu da fuskarsa shi Konakawa, maza da mata da yara. Ƙasa ta buɗe ya faɗa, sai ga shi yana lilo da igiya a daji. Ya faɗo, sai ga shi a cikin jirgin ƙasa ana shaƙe shi. Kafin ka numfasa yana cikin dogon lungun otal, an harbi wani mutum yana faɗuwa a hankali, mai laifin yana gudu, shi kuma ƙasan tana lanƙwashewa a ƙarƙashin ƙafarsa kamar ba ta so ya isa. Babu wanda ya yi maka bayanin komai. Motsi ɗaya ne ke haifar na gaba. Daga nan sai sunayen ma'aikata su fara fitowa, Paprika ta hau ɗan babur ɗinta ta ratsa Tokyo da dare: ta shige hoton da ke jikin wata babbar mota, ta ɓullo a allon talla, ta fito daga fuskar kwamfutar wani ma'aikaci da barci ya kwashe a ofis ta lulluɓa masa rigarsa, ta kaɗa yatsa motoci suka tsaya cak ta tsallaka titi. Gari na wayewa sai ta koma Dakta Chiba a bayan sitiyari, fuska a murtuke. Cikin 'yan mintuna ka san matan nan biyu, ka san kuma mace ɗaya ce, ba tare da an furta kalma ba.

Sai jerin gwanon nan da duk wanda ya kalli fim ɗin ba ya mantawa. Firji ne a gaba yana tafiya yana rangaji, bayansa kwaɗi masu busa da kiɗa, 'yan tsana jibge a kan karaga, gumakan wuraren bauta, kyanwoyin sa'a da 'yan kasuwar Japan ke ajiyewa a shago, har da gunkin 'yanci na Amurka, takardu masu launi suna zuba daga sama. Da farko abin dariya ne. Sai ka lura cewa duk wanda jerin ya bi ta kansa hankalinsa ya tafi. Dattijo Shima yana tsakiyar magana mai ma'ana a ofis, sai kalmominsa suka fara zamewa, jimlolin a tsare amma babu ma'ana ko ɗaya, ya ruga da gudu ya fasa tagar bene. Chiba kuma ta bi wata 'yar tsana har cikin wani tsohon filin wasan yara, ta kama shingen ƙarfe za ta tsallaka, ashe shingen barandar wani dogon bene ne, sai da abokin aikinta ya fizgo ta. Tsoron da ke cikin Paprika ke nan: babu katantanwar da za ka juya, babu wanda zai tura kujerarka ka farka.

Mu da muka taso muna jin ana kai mafarki wurin malami a fassara, akwai abin lura a nan. Babu ɗaya daga cikin fina-finan da ya ɗauki mafarki a matsayin ishara ga abin da zai zo. Dukansu baya suke kallo, ga abin da mutum ya binne ya ƙi tonowa. Amma Paprika ya fi kusa da aikin mai fassara, domin ita takan zauna da Konakawa su bi mafarkinsa hoto bayan hoto, tana tambayarsa wane ne wannan, me ya sa kullum a nan yake tsayawa. A Inception kuwa mafarki fili ne da aka gina don a yi aiki a ciki, ba a tambayarsa ma'ana. Ko da yake duk wanda ya ji an sa wa masanin barcin ƙungiyar suna Yusuf, ya san inda zuciyarsa za ta tafi.

Me ya sa duk da haka na ce Inception ne farko? Saboda zuciya. Mutane kan yi ta maganar hawa-hawan mafarki su manta cewa labarin wani mutum ne da ya kasa sakin matarsa. Mal, wadda Marion Cotillard ta fito a matsayinta, ta mutu, amma tana nan a cikin kan Cobb, tana ɓullowa a kowane aiki tana ɓata shi, wani lokaci da wuƙa, wani lokaci da bindiga, kullum da idon da ke tuhumarsa. Cobb ya karya dokar da shi da kansa ya koya wa Ariadne: ya gina wa kansa wani bene na tunane-tunane, kowane hawa da ranar da yake nadama, yana sauka da lif kowane dare yana ziyartarsu. 'Ya'yansa kuwa kullum bayansu yake gani suna wasa a ciyawa, ba ya yarda ya kalli fuskarsu a mafarki. Ba zan faɗa maka abin da ya faru tsakaninsa da Mal ba, domin ranar da ka ji shi daga bakinsa, duk dokokin da ka koya za su sauya nauyi a hannunka.

Fischer ma haka. An shigo da shi a matsayin wanda za a yaudara, amma Cillian Murphy ya mayar da shi ɗan da bai taɓa jin mahaifinsa ya yaba masa ba. Ƙungiyar ta zauna ta yi shawara: da ƙiyayyar uba za a dasa tunanin, ko da sulhu? Cobb ya dage cewa sulhu ya fi kama zuciya. Abin da Fischer ya tarar a cikin akwatin ƙarfe a hawa na uku ƙarya ce tsagwaronta, ɓarayi ne suka shirya ta don amfanin abokin hamayyarsa, kai kuma ka san haka, amma idonka zai kawo ruwa. Na daɗe ina juya wannan a raina. An cuce shi, an kuma warkar da shi, a lokaci guda, fim ɗin bai ce maka ga wanda ya fi nauyi ba.

A Paprika, Konakawa ne mai ɗauke da irin wannan nauyin. Yana cewa ba ya son fim, alhali duk mafarkinsa guntayen fina-finai ne, kuma dalilin yana komawa ga wani aboki da wani aiki da suka fara tare suna 'yan shekara 17 bai ƙarasa ba. Labarinsa yana da taushi, shi ne ma abin da na fi so a fim ɗin. Matsalar ita ce minti 90 ba su isa a raba tsakaninsa da Chiba da Tokita da ɓarawon na'urar ba. Soyayyar da ta bayyana a ƙarshe ta zo da gaggawa. Mugun da ke cikin labarin, da ka gan shi ka gane shi, dalilansa kuma ba su da zurfi. Ba na kuma jin daɗin yadda ake yawan mayar da ƙibar Tokita abin zolaya. Kashi na ƙarshe, inda mafarki ya ɓalle ya malale titunan Tokyo, ido zai ƙoshi, amma da yawa za su gama kallo ba su iya faɗin yadda aka yi aka ci nasara ba.

Inception ma yana da nasa. Bayani ya yi yawa, har akwai lokutan da Ariadne ba ta da aiki sai yin tambaya a madadinka. Hawan dusar ƙanƙara shi ne mafi rauni, kowa sanye da fararen kaya da tabarau, ana ta harbi, ba ka gane wa ke bin wa. Nolan ya faɗi cewa son da yake yi wa fina-finan James Bond ne ya kai shi can, kuma ana gani. Arthur da Eames da Yusuf, duk da daɗin kallonsu, ba ka san komai game da rayuwarsu ba. Sai dai waɗannan kurakuran ba sa sa ka ɓata a hanya, na Paprika kuwa suna iya sawa.

Kiɗa kuma kowanne ya yi abin a yaba. Hans Zimmer ya ɗauki wata tsohuwar waƙar Édith Piaf, wadda 'yan ƙungiyar ke sa wa mai barci a kunne don ya san lokacin tashi ya kusa, ya ja ta ya rage mata sauri har ta zama wannan gurnanin ƙahonin da ke girgiza ƙirji. Wato abin da kake ji shi ne yadda waƙar za ta kasance a kunnen wanda ke can ƙasan mafarki, inda lokaci ke jan ƙafa. Susumu Hirasawa kuwa ya yi wa jerin gwanon Paprika kiɗa mai annashuwa da ban tsoro a haɗe, wanda zai kwana yana yawo a kanka.

Za ka ji ana cewa Nolan kwaikwayon Kon ya yi. Kamannin suna nan, ba a musu: na'urar shiga mafarki, lungun otal da ke murɗewa, lif mai tsayawa a hawa-hawan tunani, mace ta taɓa wani abu da hannu ya tarwatse kamar gilashi. Amma Nolan ya kai wa kamfanin Warner Bros. tunanin fim ɗinsa tun farkon shekarun 2000, kafin a yi Paprika, ya kuma shafe kusan shekara 10 yana gyaran rubutun. Ni dai ina ganin wanda ya kalli biyun da idon basira zai fi ganin bambanci a kan kama. Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne Satoshi Kon ya rasu ranar 24 ga Agustan 2010, makonni kaɗan bayan fitowar Inception, yana da shekara 46, sankara ce ta yi ajalinsa. Paprika ne dogon fim na ƙarshe da ya kammala.

Saura abubuwan da za su iya yanke maka hukunci tun kafin ka kunna. Kada kalmar katun ta yaudare ka: Paprika ba na yara ba ne, a Amurka ma an ware shi ga manya. Akwai tsiraici, akwai kuma wani wuri da aka danne Paprika a kan tebur aka ci zarafinta ta hanyar da ke tayar da hankali. Ba fim ɗin da za a kunna a falo gaban iyaye ko ƙanne ba ne, kuma wanda ba ya son ganin irin wannan ko shi kaɗai ne, ya haƙura da shi. Inception ya fi tsabta ta wannan fuskar, abin da ke ciki harbe-harbe ne da batun kashe kai, wanda ke tsakiyar labarin, don haka ƙananan yara ba wurinsu ba ne, amma matasa da manya za su iya zama tare. Ta fuskar harshe, Inception Turanci ne mai sauri kuma rabin daɗinsa a cikin magana yake, ka kunna rubutun ƙasan allo ko da kana jin Turanci sosai. Paprika Japananci ne, akwai kuma wanda aka ɗora wa muryar Turanci, sai dai karanta rubutu yayin da hoto ke sauyawa kowace daƙiƙa aiki ne, musamman a ƙaramin allon waya. Tsawo kuma, Inception minti 148 ne, ba ya kuma son a yanka shi biyu. Idan ka tsaya a tsakiyar hawa na biyu ka ce sai gobe, lissafin zai zube maka.

Wa ya kamata ya saɓa wa shawarata ya fara da Paprika? Mai zane, ko mai koyon haɗa bidiyo, domin yadda Kon ke ɗinke hoto da hoto makaranta ce sukutum. Wanda ya saba da katun ɗin Japan na manya. Wanda dogon bayani ke gundura, wanda ya fi son a jefa shi ciki ya nemi hanya da kansa. Da wanda awa ɗaya da rabi kawai yake da ita. Duk wanda ba ya cikin waɗannan, ya fara da Inception, a allo mafi girma da zai samu, da abin ji a kunne mai kyau, waya a yanayin da kira ba zai shigo ba. Kada ka bar wani ya ba ka labarin daƙiƙun ƙarshe, domin tun 2010 ake gardama a kansu, kuma ya kamata ka shiga gardamar da ra'ayinka. Ka bar kwana biyu su wuce kafin ka kunna Paprika, don kada ka shiga kana neman dokokin da ba su nan. Idan kuma gargaɗin da na yi a kansa ya sa ka janye, amma kana son ganin hannun Satoshi Kon, nemi Millennium Actress na 2001, labarin wata tsohuwar 'yar fim da rayuwarta ke cakuɗewa da finafinanta. Dabarar ɗinkin hoton iri ɗaya ce, kuma wannan za ka iya kallonsa da mutanen gida.